Giwan Ruwa a Ɗakin Amarya

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da sayen bakin amaryar abokina Bashar a Argungu ba. Shekara ta zagayo, amma har yau in na tuna sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai a kan mashin, can kuma kunya ta zo ta karɓe wurin.

Ina da ɗan shagon gyaran waya a Nassarawa, nan Birnin Kebbi, kuma ni mayen gem ne. Gem ɗin harbin nan da ake shiga mutum huɗu-huɗu, kowa da abin magana a kunne, ana ihu ana ba juna umarni kamar da gaske yaƙi ake. Muna da guruf na 'yan wasa daga Birnin Kebbi, Argungu, Jega har Yawuri, kuma sunana a ciki Giwan Ruwa. (Ni na raɗa wa kaina. Babu wanda ya roƙe ni.) Hannuna bai kai bakina ba, wannan kowa ya sani. In Allah ya taimake ni na harbe mutum ɗaya, sai na saki wata dariya mai kama da tayar da tsohon janareta, har makwabcina mai ɗinki ya leƙo ya ga ko lafiya.

Wata rana wani sabon ɗan wasa ya shigo da sunan Homa, wato ragar nan ta masunta. Sau uku a jere yana kwantar da ni tun ban gama ɗaukar bindiga ba. A na huɗun sai ya buɗe abin magana ya ce in daina tsayawa a fili, in riƙa bin bayan gini. Shawara ce mai kyau. Matsalar kawai ita ce muryar mace ce, kuma rabin guruf na saurare.

Ai sai na ji kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Na koma guruf na saki saƙon murya na minti biyu cur. Na ce ta koma madafa ta riƙe muciya, bindiga ba ta mata ba ce. Na ce yayanta ne ke buga mata. Na ce duk macen da ke yini cikin maza a gem ba ta da mafaɗi a gida, na rufe da dariyar janareta. Aka yi ta turo hotunan dariya, kaina ya ƙara girma. Abin da ban hango ba shi ne abin da zai biyo baya. Wasu suka ciri lambarta suka dinga kira ba ƙaƙƙautawa, wani ya tura mata maganganun da ba zan iya maimaitawa ba, wani ya ce ya san unguwarsu. Ni ban yi ko ɗaya a ciki ba, amma ban ce wa kowa ya bari ba. Bayan kwana huɗu Homa ta fita daga guruf, na ce mun huta.

Bayan sati biyu wani ya shigo da sunan Kawu Manu. Ba ya magana ko kaɗan, sai dai ya rubuta "hagu" ko "kwanta". Amma fa akwai hannu. Na manne masa kamar kaska, kullum ina roƙon ya sa ni a tawagarsa, ina kiransa Kawu cikin ladabi, har data nake tura masa in ya kwana biyu bai hau ba. Na yanke a raina wani tsohon soja ne da ba ya son hayaniya. Akwai ranar da na rubuta masa cewa irinsa ake kira maza, ba wata yarinya da ta taɓa shigo mana ba. Ya amsa da "to".

A tsakanin nan ne Bashar, abokina tun firamare, wanda ke koyarwa a Argungu, ya samu matar aure mai suna Asma'u. Shi bai san komai a gem ba, wayarsa kira da rediyo kawai take yi. Ya taɓa gaya mini cewa wasu marasa tarbiyya sun takura wa yarinyar a waya har ta canza layi, ta yi kwanaki ko abincin kirki ba ta ci. Na buga tebur na ce Allah ya tona asirinsu a gaban jama'a. (Ku riƙe wannan addu'ar, ta karɓu.) Sau biyu ya kai ni gaishe ta. Duka biyun ni na yi ta zuba ina ɓaɓɓaka dariya, ita kuwa sai kallona take ta gefen ido tana gyaɗa kai. Na ce wa Bashar ya dace da mai kunya.

Ranar biki ni ne babban abokin ango, don haka sayen baki a hannuna yake. Kun dai san yadda ake yi: amarya na zaune a lulluɓe, ba za ta ce wa ango uffan ba sai abokansa sun yi ciniki da ƙawayenta an daidaita. An kai ta ɗaki da wuri, bayan la'asar, don mutanen Birnin Kebbi su koma da sauran haske. Muka raka ango ciki, mu abokansa shida. Na ci farar shadda, hula a karkace, ledar alewa da turare a hannu. Ɗaki cike da 'yan mata, gwaggonni kuma sun toshe ƙofa suna leƙe.

Na fara aikina. Na ce mu mutanen babban birni ne, ba a yi mana tsada. Babbar ƙawar amarya, wata doguwa mai suna Luba, ta ture alewa, ta ture turare, na sa hannu a aljihu ta ce in bar shi a can. Na ɗauka salon ciniki ne, na juya na kashe wa abokai ido, na tayar da janareta.

"Awo, ita ce," in ji Luba. "Wagga dariya muke jira."

Ta jona wayarta da lasifikar da aka yi kiɗan kamu da ita. Sai ga muryata ta cika ɗaki har tsakar gida, tana tura wata baiwar Allah madafa. Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba. 'Yan mata suna faɗuwa a kan juna. Wata gwaggo ta tambayi wane ɗan banza ne wannan, ta kusa da ita ta nuno ni da haɓa. Na buɗe baki zan ce ai muryoyi suna kama, sai dariyar ƙarshen saƙon ta fito, sak wadda na gama yi yanzu-yanzu. Abokaina biyar suka ja da baya a tare, kamar sun yi shawara.

Bashar kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce a hankali, "Kai ne?" Wallahi wannan ta fi lasifikar zafi.

Ina neman abin cewa sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafin amarya, muryar nan da ta taɓa ce mini in bi bayan gini.

"Giwan Ruwa, Kawu Manu na gaishe ka. Ya ce an gode da data."

Na zauna daɓas a kan sabuwar ledar ɗaki. Tsohon sojana, mai lalle har gwiwar hannu. Ɗakin ya sake fashewa, amma da ta ci gaba sai dariyar ta yanke.

"Wata takwas ina wasan da na fi kowa iyawa kamar bebiya, da sunan namiji, don kada wani ya ji muryata. Kai ka buɗe musu ƙohwa."

Luba ta ce kada mu yi murna, ni amarya ta yi wa magana, ba ango ba. Bakin nan ba na alewa ba ne. Bashar ba zai ji ko sannu ba sai na ɗauki wayata na ba da haƙuri a guruf ɗin da na yi ɓarnar, da muryata, kuma minti biyu cif. Na durƙusa da farar shaddata na fara. Na farko ya tsaya a rabin minti, aka ce in sake. A na biyu gwaggon nan ta ce ban sa "ni sakarai ne" ba, aka ce in sake. A na uku na daina neman kalmomi masu daɗi, na faɗi abin da na yi, da abin da na gani ana yi mata na yi shiru. Na tura. Sai da alamar ta nuna ya shiga sannan Asma'u ta ɗan juya ta ce wa mijinta sannu da zuwa, gwaggonni suka rangaɗa guɗa. Bashar kuwa sai da ya yi sati uku kafin ya ɗaga kirana.

A guruf an yi mini dariya har na gode Allah, amma an cire mutum uku da suka dinga kiran Asma'u. Ta dawo da sunanta na Homa, abin magana a buɗe. Kafin wata ya ƙare wasu "maza" biyu su ma suka buɗe nasu. Ɗaya ma Alhaji nake ce mata.

Watan jiya na je Argungu gaishe su, wasa ya tashi daidai lokacin da tuwon shinkafa ke kan wuta. Asma'u ta dubi tawaga ta ce ni ne mai raunin ciki, in huta wannan zagayen, in je in taya Bashar kada tukunya ta kama. Haka na tsaya a madafa riƙe da muciya, gumi na zuba, ina jiyo ta daga falo tana ba maza umarni da babbar murya, suna amsawa da "to, Homa".

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka tura mutum madafa, ka tabbata kai ka iya tuƙi. Nawa tuwon duk gudaji ne, kuma ta sa na cinye rabona.