Ranar da na yi wa ƙauyenmu tafinta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗauko ni daga Birnin Kudu don in yi wa ƙauyenmu tafinta ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara faɗa muku ciwona. Wani tattabaru yake kiwo, wani tumaki, ni kuwa kalmomin Turanci nake kiwo, irin waɗanda ko masu harshen sun manta da su a ƙasan akwati. Wani tsohon ƙamus da na gada wajen kawuna ne ya jawo mini. Bangonsa ya yage, gara ta ci gefensa, amma da na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in hau kan dutse da shi, in yi ta juya shafi har rana ta yi ja. In na tsinci kalma mai daɗi sai in kwafe ta a ɗan littafina, in yi ta tsotsa kamar alewa. Akwai susurrus, wato raɗar da ganyen dawa yake yi in iska ta ratsa gona. Akwai mellifluous, muryar da take zuba kamar zuma. Amma sarauniyarsu ita ce petrichor, ƙamshin da ƙasa take yi in ruwan farko ya sauka. Ranar da na gano ta sai da na lumshe ido, na gan ni ina yaro ba riga, ina tsalle a tsakar gidanmu. (Shekara uku tana cikin littafin, ban samu ko mutum ɗaya da zan faɗa wa ita ba.)

To, a wannan shekarar rijiyar ƙauyenmu, can wajen Kwandiko, ta ƙafe ƙaf. Babana da tsufansa shi yake kora jaki zuwa rafi da jarkoki, ya dawo ƙafa a kumbure. Sai labari ya zo cewa wata jami'a daga ƙungiyar masu haƙa rijiyar burtsatse za ta zagaya ƙauyukan Gwaram, ta saurari kowa, ta zaɓi inda za a fara. An ce 'yar kudu ce. Mai unguwa ya ce, "A kira mana ɗanmu mai Turanci."

Aikin tafinta ba ɓoyayye ba ne. Babba ya faɗa, kai ka maimaita, ba ƙari ba ragi. Na san haka sarai. Amma tun a bayan babur nake mafarki ido biyu. Yau dai Allah ya kawo mini kunnen da zai ji kalmomina! Ina ganin baƙuwar tana share hawaye, tana tambaya a ina aka ɓoye wannan haziƙi.

An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, dattawa sun jeru har da Babana, mata suna leƙe ta bayan zana. Baƙuwar ta buɗe littafinta, ta ce mu hanzarta don akwai sauran ƙauyuka a gabanta. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Gaya mata rijiyarmu ta ƙafe. Muna shan wahala. A taimaka mana."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa na gyara zaman hula, na buɗe kejin kalmomina gaba ɗaya. Na ce mata mu al'umma ce da take begen petrichor kamar yadda maraya yake begen uwa. Na ce susurrus ya yi ƙaura daga gonakinmu. Na kawo wata, na ɗora wata, har da waɗanda ni kaina sai na leƙa littafi nake tuna ma'anarsu. Na lumshe ido, muryata tana yi mini daɗi a kunne. Ina jin wani dattijo yana cewa, "Kai, yaron nan ya sha boko!" Mai unguwa kuwa ya ja bakin rigata ya ce a hankali, "Malam, duk ni na faɗi wannan?"

Da na buɗe ido sai na ga shafin littafinta fari fat. Ko ɗigo ba ta rubuta ba. Ta duba agogo, ta rufe littafin, direbanta ya tayar da mota. A raina na hango Baba da jakinsa a hanyar rafi wata shekarar kuma, saboda ni.

Sai ta miƙe, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta durƙusa gaban Babana, tana kallon ƙafafunsa. Ta buɗe baki da Hausa (ashe a Gwaram ta yi bautar ƙasa, ba wanda ya tambaye ta): "Sannu, Baba. Don Allah me kuke so? Ban gane maganar malamin nan ba."

Baba ya ce, "Ruwa, 'yata."

Ta buɗe littafi ta rubuta. Daga bayan zana wata ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Ni dai ina tsaye, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan 'yan watanni aka haƙa rijiyar. Sunana kuma a ƙauye ya koma Malam Fetiriko, wato petrichor a bakinsu, har Inna ma takan manta ta kira ni da shi. Ban daina kiwon kalmomina ba, har gobe ina hawa dutse da ƙamus, sai dai na koyi barin su a gida in an aike ni. Ranar da aka fara buga ruwan, Baba ya cika kwanon sha ya miƙo mini, ya ce, "Ungo. Turancin naka akwai daɗin ji, amma ba a shan sa."