Kaset ɗin da Na Ba Biyu Cikin Goma

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren jikar Alhaji Haladu ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Shekara biyu ke nan, amma har yau idan na hango ɗorawar da ke ƙofar gidansa sai in sake hanya, in bi ta bayan rumbuna.

Ni mutum ne marar magana. A ƙauyenmu da ke kusa da Ɗambatta, sa'o'ina na majalisa ko gona, ni ina ɗaki da littafi da tsohuwar rediyo mai kaset wadda Baba ya bari (ina aji uku na firamare ya rasu). Da ɗan abin da na samu a akwatinsa na fara, daga nan cutar ta kama ni. Duk ranar kasuwa ina rumfar masu tsofaffin kaya ina tonon kaset da faifan sidi. Har fayafayan garmaho bakwai na tara, alhali ba ni da garmahon. Sai dai in goge su da tsumma in mayar.

Abin da ya fi muni shi ne littafin. Wani mai bangon kwali ne, na ja masa layuka da rula. Duk abin da na saurara sai na rubuta irin kiɗan, da zamaninsa, da ra'ayina, sannan in ba shi maki cikin goma da jan biro. Ba wanda ya sa ni. Ba kuma wanda ya taɓa karantawa, don haka a cikin littafin nan ni zaki ne. Kalangun shekarun sittin na ba shi tara, na rubuta cewa kalangu ne mai magana kamar dattijo. Kukuma takwas. Waƙoƙin Sudan na ce suna sa mutum kewar garin da bai taɓa zuwa ba. Na Indiya na raba su biyu, na da masu sarewa, da na yanzu waɗanda na ce hayaniyar tasha ce. Kiɗan Kwango na yaba wa jitarsa, na rage masa maki ɗaya saboda ba ya ƙarewa. Nanayen fiyano kuwa na rubuta cewa na'ura ce ke rerawa, mawaƙin rakiya ya yi mata.

Alhaji Haladu tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, ido ya fara yi masa rauni. Kowa ya san yana da wani ƙaton akwatin ƙarfe a turakarsa. Sau ɗaya na taɓa ganinsa a buɗe, ranar da Inna ta aike ni: fayafayai jere cikin rigunansu na takarda, kwalaye cike da kaset, da garmaho mai ƙaho wanda har a lokacin yake aiki. Ban yi barcin kirki ba a makon nan. (Mai hankali da ya tambayi kansa me ya haɗa mai sayar da dawa da irin wannan akwati. Ni ban tambaya ba.)

Ana saura kwana uku ɗaurin aure, Kawu Isuhu, ƙanen mahaifina, ya leƙo ɗakina.

"Malam Littafi, kakarka ta yanke saƙa. Alhaji ya ce 'ya'yansa ba mai kunnen kiɗa, yana neman wanda zai bar wa akwatin nan. Na ce masa akwai wani a gidanmu da ya ƙi gona ya auri rediyo. Ya ce ka zo da littafin bayan an shafa fatiha, ya ji kunnenka."

Kwana ukun nan na yi su ina gwada karatu a gaban bango. Ranar na sa farar shaddata, na ɗauki littafi da rediyo, har sabon batir na zuba mata.

Bayan an ɗaura aure an raba goro, baƙi suka watse, aka bar dattawa kamar goma a kan tabarmi ƙarƙashin ɗorawa. Na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya ce, "Matso kusa, ɗana, karanta mu ji."

Da farko ƙasa-ƙasa nake karantawa. Amma da na karanta na kalangu sai Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Haka yake." Da na zo kan nanaye aka tuntsire da dariya, wani tsoho har yana dukan cinya. Jama'a, ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ga dattawa na dariya da maganata! Kaina ya kumbura. Na lura duk inda na yi suka an fi jin daɗi, sai na ce a raina bari in ba su wanda ya fi duka zafi.

"Akwai wanda na ba biyu," na ce. "Shi ne mafi ƙaranci a littafin nan."

"Biyu?" in ji Alhaji. "Wane bawan Allah ne wannan?"

"Ba suna a jiki, Alhaji. A akwatin Baba na same shi, an naɗe shi a tsumma. Waƙar noma ce, da kiɗan ganga."

Kawu Isuhu ya yi tari. Na ɗauka goro ne ya shaƙe shi. Na gyara zama na karanta, kuma har yau ina iya kawo shi da ka:

"Mawaƙin ba shi da numfashi. Yana yanke baiti a tsakiya ya yi shiru kamar wanda ya manta abin da zai ce. Muryarsa tana zuwa tana tafiya, bai ma san tsayawa kusa da rediyo ba. Ga wani marar ta-ido da ke kurma ihu a tsakiyar waƙa, ya ƙarasa ɓata ta. Da mawaƙin ya koma sayar da hatsi da ya fi masa."

(Wallahi haka na rubuta. Sayar da hatsi. Cikin duk sana'o'in duniya.)

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa na ɗauka ba su gamsu ba ne, suna son hujja, ni kuma mutum ne mai son kawo hujja. Kawu ya sake tari, ya ce, "Kai, la'asar ta kusa." Ƙarfe sha biyu ba ta ma yi ba. Na danna rediyo.

Ganga ta tashi, murya ta biyo ta. Na ɗaga yatsa ina nuna musu: "Kun ji? Ga shirun nan. Ga shi ya yi nisa kuma." Sai na lura tsohon nan mai dukan cinya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi daidai inda mawaƙin ke yin shiru. Na kusa da shi ma haka. Kamar duk suna sauke wani abu mai nauyi a lokaci ɗaya.

Alhaji bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Yanzu zai kira Audu na Binta."

Bai rufe baki ba muryar cikin rediyo ta kira Audu na Binta, ta yi masa kirari. Sai ihun nan ya biyo baya, ihun marar ta-ido.

Audu sunan mahaifina ne. Binta kakata ce.

Ban san lokacin da na kashe rediyon ba. Kawu ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi. Yaro, tun ɗazu nake tari kamar mai tarin fuka."

Ashe kafin a haife ni, duk gayyar noma da za a yi daga nan har Kunci, Alhaji Haladu ake ɗauka ya yi waƙa. Da ya dawo daga Makka ya jingine ganga, ya ƙone kaset ɗin da ke da muryarsa, ya kama hatsi. Tun daga ranar ba mai tayar masa da zancen, saboda girmamawa. Duk garin an sani, har matan aure da aka kawo daga wasu garuruwa. Ni kaɗai ne ban sani ba, domin irin wannan labari a majalisa ake jin sa cikin raɗa, ni kuwa ina ɗaki ina ja wa littafi layi.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka taɓa shiga gayya?"

"A'a, Alhaji."

"To shirun da ka ji, nan ake sauke garma. In na cika wurin da waƙa, hannu zai saɓa, a sari ƙafar wani. Nisan da murya ke yi kuwa, rediyon da ke ɗaukar waƙar a gindin bishiya aka ajiye ta, ni ina bin manoma daga wannan bakin gona zuwa wancan. Ba don rediyo nake yi ba." Ya juyo wajena. "Ihun kuma ubanka ne ya riga kowa kaiwa ƙarshen gona. Mutum arba'in ya tsere wa ranar."

Wani tsoho ya ce, "Allah ya jiƙan Audu." Aka amsa da amin. Ni kuwa na rufe littafin.

"Amma maganar hatsi ka yi gaskiya," in ji Alhaji, "ya fi mini." Nan ne aka yi dariya, irin wadda ake yi don a taimaki mutum ya tashi. Na tattara kayana na tafi, na bar takalmi ɗaya (da yamma Kawu ya kawo mini, yana riƙe da shi da yatsa biyu).

Na yi ta sa rai duk da haka. Ban iya komawa in ba shi haƙuri da bakina ba, sai na rubuta wasiƙa shafi huɗu na ba Kawu. Ya dube ni ya ce, "Mutumin da ido ya gaza za ka kai wa takarda?" Ya karanta masa dai. Amsar da ya kawo gajeriya ce: Alhaji ya ce ba komai, ya yafe, amma kunnena ya yi wa akwatinsa tsada.

Da gero ya fara nuna, tsuntsaye suka sauka, ina wucewa ta gonar babban ɗan Alhaji sai na ga wani abu na walƙiya. Zaren kaset ɗin akwatin Alhaji ne, an zare shi don korar tsuntsaye, an ɗaɗɗaura daga kara zuwa kara, gona guda, iska na kaɗa shi yana kuka. Na tsaya na kama wani da hannu. Ko kukuma ce, ko ta Sudan ce, ko wani abu ne da ban taɓa ji ba kuma ba zan ji ba, babu hanyar sani. Garmahon aka ce yana ɗakin kaji. Fayafayan ban tambaya ba, don kada a gaya mini.

Kaset ɗin Baba yana nan. Yanzu kusan kullum sai na sa shi, in jira ihun. Na goge biyun da ke littafi har takardar ta huje, amma na rasa abin da zan rubuta a wurin, sai na bar ramin.

Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba, sai dai na saye shi da akwati guda: kafin ka ba muryar da ba ka sani ba maki a garinku, ka fara riƙe garma ko sau ɗaya. In kuma kana karatu kawunka ya yi tari, ba goro ba ne. Rufe littafin.