Ranar da Na Ɗauki Miyar Taushe Babu Riƙo

Ko zan manta komai na yarinta, ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin Goggo Amina, ƙanwar babanmu. Ina aji biyu a firamare lokacin, kuma ni a ganina duk Bolewa babu yarinyar da ta kai ni iya ɗaukar kaya a ka. Matan Fulani masu nono nake kwaikwayo: gammo, ƙwarya, hannaye na lilo, har da yanga. Kullum aka aike mu niƙa ni da Yaya Hadiza, ni ke ɗauko garin a roba, tana biye da ni, kuma bai taɓa zuba ba.

Ranar bikin aka ce a kai wa dangin ango masa da miyar taushe a gidan maƙwabta inda aka sauke su. Na kafe sai ni zan ɗauki miyar. Inna ta hana, na yi ta birgima a ƙasa, har dai ta gaji ta ɗora min, tana gargaɗi in riƙe da hannu biyu. Yaya Hadiza kuwa tana can wajen amarya.

Ina fita zaure na saki hannu (to, in na riƙe, wa zai san na iya?). Na shiga tsakar gidan baƙi ina rangwaɗa, na buɗe baki zan yi sallama, sai kwanon ya zame ta gaba. Miya ta wanke min fuska, kabewa a gira, ganye a kunne, sabuwar atamfata ta koma ruwan ɗorawa. Murfin ya gangara har gaban uwar ango. Matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata tsohuwa daga Dogo Nini na cewa ai ga miya ta kawo kanta da ƙafarta. Haka suka ci masarsu da sukari.

Da Yaya Hadiza ke wanke min kai, ina kuka na rantse kwanon ne mai santsi. Ta yi dariya ta ce, "Ke Ladidi, duk zuwanmu niƙa yatsana biyu na kan robar nan ta baya."

Wallahi wannan ya fi miyar zafi. Yau da girmana, har da 'ya'ya, in na ji kaina ya fara kumbura wai na iya abu, sai na ɗan waiga tukuna in ga ko akwai mai tallafe da ni.