Rasuwar Afiwa, Sandar Fatsar Togbi Ekue

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, Togbi Ekue Sodatonu na Agbodrafo, wanda teku ta kifar sau uku ta kuma tofar da shi sau uku don ta rasa yadda za ta yi da shi, yana sanar da dangi, abokan kamun kifi, har da maƙiya in da sauransu, rasuwar sandar fatsarsa, Afiwa, tare da keken naɗe zarenta. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a bakin teku, tana kan aiki, bayan shekara tara a hannunsa. Ita ce sandarsa ta fari, kuma ba za a yi ta biyu ba.

Wanda bai sani ba ya sani. Shekara arba'in da ɗaya Togbi ya yi a kwalekwale. Bai taɓa zama a aji ba, amma launin ruwa kawai zai duba ya faɗi kifin da ke ƙasa. Da gwiwa ta ƙi, masu jirgi suka sauke shi, wai ya zo ya kama wutsiyar taru a gaɓa a sam masa na miya. Shi ɗin! Sai 'yarsa Ayele, mai aikin jinya a Kara, can arewa inda ko warin gishiri babu, ta zo ɗaukarsa. A gaban dangi suka ƙulla magana: muddin yana ci da kansa daga teku, za ta bar shi; ran da ya kasa, zai shiga mota ba gardama.

Ranar Juma'a ya tafi Lome wurin 'yan gwanjo na kusa da tashar jiragen ruwa, ranar da marigayiya ta samo sunanta ke nan, don Afiwa suke kiran macen da aka haifa ran Juma'a. Mai kayan, wani Messan, ya jera masa sanduna, ya ce ya ɗauki doguwa mai taushin kai, don ita ke cilla dalma bayan raƙuman ruwa, in kifi ya ja kuma ta bi shi a hankali. Togbi ya gwada su yadda ake gwada filafili: ya kafa kowacce a ƙasa ya danna da nauyinsa. Duk suka rusuna, sai ɗaya.

"Togbi, ba tuƙi za ka yi da ita ba fa," in ji Messan. "Ta yi maka tauri."

"Ɗana, ni ma na yi wa mutane da yawa tauri. Ɗaure min ita."

Messan ya kuma nuna masa wani ɗan maɓalli a kan keken, mai sakin zare in kifi ya fi ƙarfi. Togbi ya murɗe shi tamau tun a wurin. A kwalekwale ba a koya masa sakar wa kifi ko taƙi ɗaya ba, kuma bai ga dalilin fara koya da furfura ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ba ta taɓa ƙin fita ba, ba ta shan giyar sodabi, ba ta taɓa gaya wa kowa ranakun da suka koma gida da bokiti wayam ba. Maganarta kaɗan ce: fiuu in an cilla, ƙirrr-ƙirrr in ana naɗewa. Kwano ɗaya na man kwakwa suke shafawa, ita a keke, shi a gwiwa. Shekara tara tuwon masararsa bai kwana ba kifi ba, Ayele kuwa tana zuwa Kirsimeti ta koma ita kaɗai.

Ciwon ya fara bara. Gishiri ya ci zobbanta, aka ɗaure da zaren taru. Muryarta ta koma ƙaƙat-ƙaƙat kamar mai tari, maɓallin kuma ya yi tsatsa a inda aka murɗe shi. Ranar Laraba wani kifi ya ɗauki jatan landen da ke ƙugiya. Ba wanda ya gan shi, amma Togbi ya tabbatar girmansa ya kai ƙofar coci. Zare ya miƙe, keke ya ƙi saki, Togbi ya kafa dugadugai cikin yashi. Afiwa ta ce ƙas, sau ɗaya. Rabinta na sama ya bi kifin. Kafaɗar Togbi ta dama ma ta yi nata ƙarar.

Ta rasu ta bar ƙugiya goma sha huɗu, dalma shida, bokiti mai faci, da Dede mai suya wadda ke jiran kamun safe. Ta bar Togbi, wanda hannunsa ba ya kai kunnensa yanzu. Ranar Alhamis abokin tsokanarsa Kuevi ya ara masa tasa sandar mai taushin kai. Sau uku ya cilla, sau uku dalma ta faɗi cikin kumfa a gaban ƙafarsa. Kuevi, da ya shekara sittin yana yi masa dariya, bai yi ba. Togbi bai yafe masa wannan ba.

An buga wa Ayele waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Papa, Lahadi."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Da an binne ta a gidan mahaifin Togbi, amma teku ta cinye gidan tuntuni, don haka can za a kai ta. 'Ya'yan Kuevi za su ɗauki rabin da ya rage cikin farin ƙyalle, su shiga kwalekwale, su saka shi a ruwa daidai inda tsakar gidan take. Togbi zai tsaya a gaɓa, saboda gwiwa.

Ana karɓar gaisuwa a ƙarƙashin bishiyar kwakwar Dede har ƙarfe goma na safiyar Lahadi, lokacin da motar Kara za ta tsaya a bakin titi. Mai son ƙugiya ya zo ya ɗauka. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya ce masa sai ka dawo.