Malam Metikulos Ya Kai Matarsa Asibiti

A gaida Malam Metikulos, shugaban sashen duba motoci na kamfanin sufuri, gwanin da ko ƙuda ya sauka a gilashi sai ya faɗi dalili. Masu lura suna da yawa, amma shi Allah ya yi shi ne ranar da ba a sauri.

Sunan daga wani ɗan gajeren kwas ya samo shi. Ya dawo da kalmar Turanci guda ɗaya tal, kuma kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Kullum da safe sai ya jera direbobi, fasinjoji na can suna gasuwa a mota.

"Metikulos! Ku maimaita. Ba lura ba ce irin taku ta jeka-na-yi-ka. Bin diddigi ne, ba a tsallake ko ƙusa. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar tsoro. Wato tsoron kuskure. Ni kuwa ban taɓa yin kuskure ba, shi ya sa na fi kowa tsoronsa."

Ran nan da hantsi naƙuda ta kama matarsa. Yayarsa, wadda ta zo zaman jiran haihuwar, ta riƙo ta har kujerar bayan motarsa.

"Auta, tayar da motar nan!"

"Yaya, mota ba jaki ba ce. Sai an duba."

Ya zagaya tayoyi yana danna kowacce da babban yatsa. Ya gwada hon. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, don shaida ɗaya ba ta isa hukunci. Yana can kansa cikin inji, Yaya ta tsayar da tasi, ta kwashe mai naƙuda, suka yi gaba.

Gwanin ya rufe bonet, ya shiga, ya ɗaura bel. Direban ƙwarai ba ya ɗauke ido daga titi, don haka bai waiwaya ba.

"Kin ga amfanin haƙuri? Har kin daina nishi. Abin da nake koya wa direbobina ke nan. Yaya ma ta yi shiru, gaskiya ta kama ta."

Haka ya yi ta wa'azi, babu mai katse shi. Bai taɓa samun masu sauraro masu ladabi irin na ranar ba.

A ƙofar asibiti ya kira ma'aikata su kawo keken marasa lafiya. Ya gyara kwala, ya buɗe ƙofar baya da hannu biyu. Takalmi ƙafa ɗaya ne a kan kujera.

Sai ga Yaya ta fito tana goge hannu.

"Barka, Auta, mace aka samu. Shigo ka duba ta da kyau. Wannan karon fara da ganin ko tana nan."