Yadda Za Ka Samo wa Hedimasta Latin Ba Tare da Ka Iya Ba

Ranar neman aiki ka cika baki cewa ka iya Latin, don kawai kada a haɗa ka da darasin noma. Yau Hedimasta Ɗanjuma na wata sabuwar sakandare a Bungudu ya miƙo maka taken makaranta da Turanci, wai aiki da ladabi, yana son na Latin a jikin bajo. Kwantar da hankalinka, nasara tabbas ce. Hanyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba, tunda ban taɓa gwada ta da kaina ba.

1. Ja lokaci
Cire tabarau ka goge, ka ce, "Ranka ya daɗe, Latin ta manya ko ta kasuwa?" Zai ce ta manya. Ka ce ita ba a yi mata gaggawa. Ka samu mako guda.

2. Guji Fada
Fada, wato limamin coci a Gusau, ya iya Latin ta gaske, illarsa ke nan. Da ka hango babur ɗinsa, faɗa rumfar mai shayi.

3. Fita farauta
Latin tana jikin kwalbar magani, tana kuma bangon ofishin gona. Ta kwalba kada ka taɓa, yawancinta ta ciwon ciki ce. Je ofishin gona a Tsafe. Ƙarƙashin hoton wani ganye za ka ga Arachis hypogaea. Auna da yatsa: tsawonsu ɗaya da Turancin. Fassara ta kammala.

4. Garzaya wurin tela
Abin da aka riga aka ɗinka a ƙirjin yara, ba sauran mai gardama da shi.

5. Ranar buɗe makaranta
Tsaya bayan bishiya. Babban baƙo, Alhaji Sabiru, jami'in gona ne, ba wanda ya gaya maka. Zai duƙa ya karanta bajon, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Wa yas sa ma ɗiyanga sunan gujiya ga ƙirji? Wanga malami shina son noma har zuci. Ku ba shi gonar makaranta baki ɗai."

Gujiya dai a Hausarsu ita ce gyaɗa. Za a tafa. Hedimasta zai dube ka, shi ba zai tafa ba.

6. Karɓi fartanya da hannu biyu
Ladabi ne, kuma yana cikin taken.

Gargaɗi
Kanta a tafin hannu, ciwon baya, da yaran da za su riƙa kiran ka Malam Gyaɗa har ka yi ritaya, duk ba ruwan mai wannan rubutu. Idan an tambaye ni, ni ko Turancin ban iya ba.