Bokan Waya a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Makarfi ba, ko da ina so in manta, don har yau akwai mutanen da suka ɗauki tuna mini da ita a matsayin sana'a.

A lokacin na kamu da wani wasan yaƙi na waya, irin wanda mutum biyar ke haɗuwa ta intanet su kara da wasu biyar. Kowa da jarumin da yake zaɓa: akwai mai garkuwa, akwai maharbi, akwai mai wuƙa da ke sanɗa, akwai mai warkar da abokai. Ni kuwa na zaɓi mai sihiri, wani tsoho mai doguwar alkyabba da sanda, wanda abokaina ba sa ce masa komai sai boka. Na raɗa masa suna Hatsabibin Makarfi. (Da yatsuna na rubuta, babu wanda ya tilasta ni.)

Bari in gaya muku gaskiyar da na ƙi yarda da ita game da tsohon nan. Duk wanda ya ƙera shi bai yi masa adalci ba. Jininsa ɗan mitsitsi, duka biyu ya ishe shi. Tafiyarsa kamar ta mai ciwon gwiwa. Ƙarfinsa duka yana cikin abu guda, wato ruwan wutar da yake saukarwa ya ƙone abokan gaba. To amma kafin wutar ta sauko sai ya tsaya cak yana ƙus-ƙus har sakan takwas, kai kuma babban yatsanka na dama yana danne da maɓalli. Ka ɗaga yatsa, ta lalace. Wani ya taɓa shi ko da tsinke ne, ta lalace. In kuwa ta lalace, ƙarfin ya tafi ke nan, sai ka jira ya sake taruwa. Wai kuma don kada abokan gaba su wahala wajen nemansa, sai aka sa wani jan haske yana kewaye shi muddin yana wannan karatun nasa.

Habu, mai shagon cajin waya a bakin kasuwa, shi ne shugaban ƙungiyarmu, kuma ya gaji da ni.

"Don girman Allah ka rabu da tsohon nan," in ji shi. "Mu huɗu mun bar yaƙi mun koma gadinsa kamar amarya."

Na ce, "Habu, matsalar ba ta jarumi ba ce, ta hannu ce. A hannun gwani babu na biyunsa."

Haka nake cika baki kullum, kuma wallahi har zuciyata na yarda da kaina.

A daidai wannan lokacin kuma ina neman auren Rahina, 'yar Malam Isa na Dandamisa, manomin rake, mutum marar yawan magana. Magabatana sun je sun gabatar da ni, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Kun san yadda saurayi ke zama idan ana bincike a kansa. Na koma sahun gaba a masallaci, na daina dariya da ƙarfi a kan titi, hulata ma na daina karkata ta. Ina son yarinyar nan ƙwarai, kuma na san kalma ɗaya daga bakin mahaifinta ta isa ta rufe maganar.

Sai 'yan Ikara suka aiko mana da ƙalubale. Sau biyu suna lallasa mu, wannan karon suka ce da ƙafarsu za su zo har shagon Habu, su yi mana a gaban jama'armu. Aka sa bayan la'asar, ranar kasuwa. Habu ya ce zai haɗa waya ɗaya da talabijin ɗin shago don 'yan kallo, ni kuwa na kafe sai tawa. (Ina so duk Makarfi ta ga saukar wutar, kun gane ai.)

Shago ya cika, har da masu leƙe ta taga. Wasa ya yi zafi, muna gab da ƙarshe, sai ga 'yan Ikara su huɗu sun taru wuri guda a bakin ƙofarmu. Abin da na daɗe ina jira ke nan. Na ɓuya bayan wani dutse, na danna maɓalli, na ce, "Ku tare mini su, yau za ku ga aiki!" Jan haske ya tashi, tsohona ya fara ƙus-ƙus, lasifika na watsa muryarsa har waje.

"Salamu alaikum."

Tun daga muryar na gane mai ita. Malam Isa ne. Ashe tun da safe ya bar wayarsa a caji ya shiga kasuwa, yanzu ya dawo karɓa. Ya gan ni, na gan shi, babu wurin ɓuya.

Mai hankali zai ajiye waya ne kawai. Ni kuwa sai na ce ai gwani yana iya haɗa biyu. Na zame daga benci na durƙusa, waya a hannun dama, yatsa a danne.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

Daga nan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Dattijon da ake gaida shi daga nesa, yau shi ne ya miƙo mini hannu a gaban mutane. Karramawa ce, irin wadda ake karɓa da hannu biyu da sunkuyar da kai. Na dubi hannunsa, na saci kallon waya. Saura sakan uku.

Na miƙa masa hagu.

Hagu, jama'a. Tsurarta, ko tallafa mata ban yi ba. Na ji hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Muryar boka kawai ke tashi a shagon. Kuma a daidai nan mai wuƙan Ikara, wanda jan hasken ya nuna masa inda nake, ya zagayo ta baya ya soki tsohona sau biyu. Ya faɗi warwas. Ko tartsatsi bai sauko ba. Abokaina huɗu da suka tsaya tare mini hanya aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka cinye mu.

Malam Isa ya ɗaga kai ya dubi talabijin, inda gawar tsohon ke kwance da suna a samanta. Ya karanta a hankali.

"Hatsabibin Makarfi. Wane ne kuma wannan?"

Wani ɗan Ikara, Allah ya shirye shi, ya ce, "Ga shi nan durƙushe a gabanka, Baba."

Malam Isa ya kawar da kai. Ya sa hannunsa a aljihu, ya karɓi wayarsa, ya yi sallama ya fita. Ni kuwa ina nan a durƙushe, na rasa ta inda ake miƙewa.

Kwana uku Rahina ba ta ɗaga wayata ba. Tsoro ya kama ni sosai, abinci ma ya daina shiga. A rana ta huɗu kawuna ya sa ni a gaba har Dandamisa, yana yi mini faɗa tun daga kan mashin. Muka sami Malam Isa a zaure. Kawu ya ba da haƙuri, ya ƙara, ni kaina a ƙasa.

Malam Isa ya ce, "Alhaji, maganar hannu na yafe, kuskure ne. Maganar boka ma na tambaya, an ce mini zane ne kawai. Abin da ya tsaya mini shi ne abin da na gani da idona. Mutum huɗu suna shan duka saboda shi, shi yana laɓe yana jiran babban abu ya sauko daga sama. To ni 'yata ba za ta zauna tana jiran babban abu ba. A ƙara mini wata uku in ga yadda yake da ƙananan."

Wata ukun nan na yi su kamar shekara. Duk ranar da ba ni da aiki ina gonarsa ina ɗaurin rake, har tafin hannuna ya yi kanta. A wasa kuma na sallami tsohona na koma mai garkuwa, wanda ke shiga gaba ya sha duka don wasu. Habu har sadaka ya yi.

An ba ni Rahina, alhamdulillahi. Abin da na koya kuwa shi ne, duk gwanintar da ba ta aiki sai duniya ta tsaya ta jira ka, ba don garin da babba ke iya yin sallama a kowane lokaci aka yi ta ba. Sai dai surukina bai bar ni haka ba. Har yau idan na je gaishe shi, ya fi so sai zaure ya cika, sannan ya dube ni babu ko murmushi, ya ce:

"To, yau da wane hannu za mu gaisa?"